Yadda ake yanka tafiyar jirgin ruwan gaɓar Norwe gida-gida, kana sauka kana kwana kana sake hawa

Akwai jirgin ruwa da ke tashi daga Bergen kusan kowace yamma, ya bi gaɓar tekun Norwe yana hawa arewa har Kirkenes can bakin iyakar Rasha, tasha 34 ne a hanyar, tafiyar ta fi kilomita 2000, kwana shida a tafiya, kwana biyar a dawowa. Tun 1893 ake wannan zirga-zirgar, wani kyaftin mai suna Richard With ne ya fara ta da jirginsa Vesteraalen tsakanin Trondheim da Hammerfest, kuma asali wasiƙu da kaya da mutanen garuruwan bakin teku ake ɗauka, har yau ma ana loda kaya ana saukewa a kowace tasha kana kallo. Yawancin baƙi tikiti ɗaya suke yanka su zauna a ciki daga farko har ƙarshe, ba laifi, amma fa jirgin nan ba ya jiran kowa, wasu tashoshin minti goma ko sha biyar yake yi ya ƙara gaba, Trondheim da girmanta wajen awa uku kawai zai ba ka, kafin ka gama ɗaukar hoto an busa ƙaho. Shi ya sa ni na fi son mutum ya yanka tafiyar gida uku ko huɗu, ya sauka inda ya yi masa, ya kwana ɗaya ko biyu, sannan ya hau jirgin da ya biyo baya. Ga yadda ake yi.

Mataki na farko, ka gane cewa jirgin da ka sauka daga cikinsa ya tafi kenan

Wannan shi ne abin da ke rikita mutane. Jirage 11 ne ke aikin hanyar, kowanne yana ɗaukar kwana 11 ya je ya dawo, shi ya sa ake samun mai tashi kullum. Toh idan ka sauka a Trondheim yau, wanda zai zo gobe a daidai wannan lokacin wani jirgin ne daban, ɗaki daban, ma'aikata daban, naka kuwa sai bayan kwana 11 zai sake biyowa ta nan yana fuskantar arewa. Kuma tun 2021 kamfani biyu ne suka raba hanyar, Hurtigruten na da jirgi bakwai, Havila na da huɗu (Capella, Castor, Polaris da Pollux), tashoshi ɗaya suke bi, lokaci ɗaya suke bi, amma kowa da shafinsa na sayar da tikiti, tikitin wannan ba ya hawar da kai jirgin wancan. Ma'ana ranar da ka zaɓa ita ce za ta zaɓa maka kamfani. In ka nace sai kamfani ɗaya za ka bi tun daga farko har ƙarshe to wani lokacin sai ka ƙara kwana a gari kana jiran nasu ya zo, ni kam ban ga dalilin wannan wahalar ba, duk wanda ya zo ranar ka hau.

Mataki na biyu, ka sauke jadawalin jirgin kafin ma ka buɗe taswira

Nan ne duk aikin yake, don Allah kar ka tsallake. Mutum zai zauna ya kalli hotuna ya ce ina son nan, ina son can, ya rubuta garuruwa shida, sai daga baya ya gano uku daga ciki ƙarfe biyu ko uku na dare jirgi ke isa. Jirgin yana isa kowace tasha a lokaci guda kullum, don haka agogo ne zai faɗa maka inda za ka iya sauka cikin mutunci. Jadawalin yana shafin kamfanonin biyu, ka nemi na watan da za ka yi tafiya domin ana ɗan sauya shi tsakanin watannin sanyi da na ɗumi.

Ga yadda hawa arewa yake a taƙaice. Bergen wajen 8:30 na dare ake tashi. Alesund da safe kafin ƙarfe goma. Molde cikin dare, Kristiansund wajen uku na dare. Trondheim da safe kafin goma, a tashi kafin ɗaya na rana. Washegari da sassafe a tsallake layin Aktik (layin taswira da daga shi zuwa arewa ake samun lokacin da rana ba ta faɗuwa ko ba ta fitowa), Bodo wajen ɗaya na rana, Svolvaer da ke tsibiran Lofoten bayan tara na dare. Harstad da sassafe, Tromso bayan biyu na rana a tashi bayan shida. Hammerfest da asuba, Honningsvag wajen sha ɗaya na safe. Kirkenes tara na safe a rana ta bakwai.

Dawowa kudu kuma an tsara shi ne ta yadda yawancin wuraren da aka wuce cikin dare za a wuce su da rana. Kirkenes a tashi 12:30 na rana, Hammerfest da hantsi, Tromso dab da sha biyun dare a tashi wajen ɗaya da rabi, Harstad takwas na safe, Stokmarknes bayan azahar, Svolvaer wajen shida da rabi na yamma, Bodo tsakar dare, Bronnoysund da la'asar, Trondheim da sassafe wajen shida da rabi, Kristiansund da yamma, Alesund bayan sha biyun dare, Bergen kafin uku na rana.

Ka ga kenan gari ɗaya yana da fuska biyu. Tromso ga mai hawa arewa lafiya lau ce, ka sauka da rana ka wuce otal kai tsaye, ga mai saukowa kudu kuwa tsakar dare zai ja akwati a kan titi, ranar tafiya kuma ya bar ɗakin otal da hantsi ya yi ta gararamba har ƙarfe ɗayan dare. Bodo ma haka. Sai ka ɗauki biro ka ja layi a ƙarƙashin duk tashar da jirgi ke isa tsakanin bakwai na safe da goma na dare, daga cikin waɗannan kawai za ka zaɓi wurin sauka, sauran ka bar su a kallo ta taga.

Abu ɗaya kuma da ke biyo bayan wannan: tunda jirgi ɗaya ne a rana a kowace fuska, duk tsayawar da za ka yi awa 24 ce ko 48 ko 72, babu rabin yini. Ka lissafa kwanakin hutunka da wannan a ranka. Kwana shida na hanya, a ƙara kwanakin da za ka yi a ƙasa, shi ne jimillar.

Mataki na uku, ka zaɓi fuska da wata

In za ka yi fuska ɗaya kawai, hawa arewa ya fi ba ka manyan garuruwa da rana, saukowa kudu ya fi ba ka tsibiran Vesteralen da Lofoten da gaɓar Helgeland da rana. Wanda bai taɓa zuwa ba ni dai arewa zan ce masa, saboda sauka da hawa sun fi sauƙi.

Wata kuwa ya danganta da abin da ya kai ka. Daga wajen 20 ga Mayu zuwa bayan 20 ga Yuli rana ba ta faɗuwa a Tromso, don haka maganar an wuce wuri cikin dare ba ta da nauyi sosai, ƙarfe ɗaya na dare ma kana ganin duwatsu tar. Amma lokacin ne kowa ke zuwa, ɗakunan jirgi da na otal suna ƙarewa da wuri musamman a Lofoten. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu kuma rana ba ta fitowa sam a can, sai ɗan haske kamar na magariba da tsakar rana, masu zuwa lokacin koren hasken nan mai rawa a sararin sama suke nema, wanda ake iya gani daga Satumba zuwa Maris in sama ta washe. Yuni zuwa Agusta jirgin da ke hawa arewa yana ratsawa cikin lungun tekun Geiranger, Satumba da Oktoba kuma wani lungun mai suna Hjorundfjord yake shiga. Ga mai sallah, wannan batu na rana ba ta faɗuwa ko ba ta fitowa ka yi tambaya a kansa tun kana gida, in ka isa Tromso kuma akwai masallacin Alnor a cikin gari, za ka ga jadawalin da suke bi.

Mataki na huɗu, ka yanke inda za ka sauka

Bari in bi su ɗaya bayan ɗaya da ra'ayina, kai ma ka yi naka.

Bergen ai dole ce tunda nan ake farawa, ka isa aƙalla kwana ɗaya kafin ranar tashi, kar ka ce jirgin samanka zai sauka da rana ka wuce tasha kai tsaye, jinkirin awa uku ya isa ya rusa maka dukkan tsarin. Ka zaga Bryggen, tsofaffin gidajen katako na 'yan kasuwar Jamus na ƙungiyar Hansa da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1979, ka kuma riƙe rigar ruwa don garin ya yi suna wajen ruwan sama. In daga Oslo kake, jirgin ƙasa wajen awa bakwai ne kuma hanyar kanta abin kallo ce.

Alesund gari ne mai kyau, gobara ta cinye shi a 1904 aka sake gina shi da dutse da bulo da ado iri na wancan zamanin, akwai matakala 418 da ke kai mutum saman tudun Aksla ya ga garin da tsibirai a ƙasa. Amma ga wani abu, a watannin da jirgi ba ya shiga lungunan nan, yana zama a Alesund tun safe har wajen takwas na dare, yini guda cur, to me zai sa ka biya otal? Ka yi yawonka ka dawo ɗakinka. A watannin Geiranger da Hjorundfjord ne kawai za ka zaɓa, ko ka sauka da safe ka yini a gari jirgi ya je ya dawo ya ɗauke ka da yamma, ko ka bi shi ka ga lungun ka rasa garin, ko kuma ka kwana ɗaya ka samu duka biyun. Nan kam kwanan yana da amfani.

Trondheim ta cancanci kwana. An kafa ta tun shekarar 997, tsohuwar fadar sarakunan ƙasar ce, babban cocin Nidaros na nan, ga unguwar Bakklandet da gidajen katako a bakin kogi. Tashar jirgin tana da ɗan nisa da tsakiyar gari, awa ukun da ake bayarwa rabinta a hanya take ƙarewa. Kuma daga nan akwai jirgin ƙasa zuwa Oslo da zuwa Bodo, wanda zai yi maka amfani in abu ya cije, zan zo kan wannan.

Bodo wurin canji ce, nan layin dogo na cikin ƙasar ya ƙare, akwai filin jirgin sama dab da gari, akwai kuma wani jirgin fito daban da ke tsallakawa zuwa Moskenes a ƙarshen Lofoten cikin awa uku zuwa huɗu.

Svolvaer, in wuri ɗaya kawai aljihunka zai iya ɗauka to nan ne, kuma kwana ɗaya bai isa ba, ka ba ta biyu ko uku. Jirgi mai hawa arewa bayan tara na dare yake isa ya tashi bayan goma, wanda ya zauna a ciki bai ga komai na Lofoten ba. Ƙauyukan masunta irin su Henningsvaer da Reine, duwatsu suna fitowa kai tsaye daga cikin teku, katakan da ake shanya kifi a kansu bayan kamun Janairu zuwa Afrilu, duk sai ka yi hayar mota ko ka bi bas kafin ka gan su, kuma bas ɗin ba ya yawa, ranar Lahadi ma ya fi ƙaranci.

Tromso kwana ɗaya ko biyu. Honningsvag ita ce ƙofar Nordkapp, dutsen nan mai tsayin mita 307 da ke kallon tekun arewa, wajen kilomita 30 da ɗoriya daga gari. Jirgi yana tsayawa sama da awa uku kuma ana shirya bas na kai mutane su dawo kafin tashi, don haka ba lallai ka kwana ba sai in kana son ganin ranar tsakar dare a kan dutsen. Ƙananan tashoshin Finnmark, lardin da ke ƙarshen arewacin ƙasar, irin su Mehamn, Berlevag da Vardo suna da nasu armashi (Vardo ma ta fi Istanbul nisa zuwa gabas, abin mamaki), amma su ne iska ta fi hana jirgi shiga, in za ka sauka can ka bar wa kanka sarari.

Misalin tsari na kwana goma sha ɗaya a hanya: Bergen zuwa Trondheim ba sauka, kwana ɗaya a Trondheim, daga nan zuwa Svolvaer, kwana biyu a Lofoten, daga nan zuwa Tromso, kwana biyu, sannan Tromso zuwa Kirkenes a miƙe. Tikiti huɗu kenan, otal uku. Fiye da sauka uku ko huɗu gaskiya tafiyar takan koma ɗaukar akwati da ajiyewa.

Mataki na biyar, yankan tikiti

A shafukan kamfanonin akwai kashi biyu, na cikakkiyar tafiya wanda aka haɗa da ɗaki da abinci, da kuma na tasha zuwa tasha wanda 'yan ƙasa ke amfani da shi. Na biyun kake so. Kowane zango tikitinsa daban, lambarsa daban, imel ɗinsa daban. Za ka sa tashar hawa, tashar sauka, ranar, sai ya nuna maka ko jirginsu ne ke da ranar, in bai nuna komai ba ka leƙa shafin ɗaya kamfanin, mai yiwuwa ranar tasu ce. A watannin sanyi kuma akwai ranakun da babu jirgi gaba ɗaya saboda an kai wani gyara, shi ya sa nake cewa ka duba duk zangunan a jere ka tabbatar kowanne akwai wuri kafin ka biya ko ɗaya.

Wajen biya kuma ka fara da wanda ya fi wuyar samu. Yawanci zangon da ke da dogon kwana a Yuni da Yuli ne, sai otal na Lofoten, sannan sauran. Tikitin jirgin sama na komawa shi ne na ƙarshe.

Ka kula da kwanan wata in jirgin bayan sha biyun dare yake tashi. Mai hawa daga Tromso zuwa kudu da ƙarfe ɗaya da rabi na daren Talata wayewar Laraba, tikitinsa na Laraba ne, mutane da yawa sun sha zuwa tasha a daren da ba nasu ba saboda wannan. Ka karanta ranar da ke jikin tikitin sau biyu.

Batun ɗaki: in zangon bai kai yini da kwana guda ba ana barin mutum ya hau ba ɗaki, ya zauna a falo, in ya kai wajen awa 24 kuwa dole sai da ɗaki. Bodo zuwa Svolvaer awa shida ce da yamma, ba ka buƙatar ɗaki. Svolvaer zuwa Tromso wajen awa 16 ce da kwana a ciki, za ka iya yi a kujera amma za ka isa Tromso a gajiye ka kashe yinin da barci, ni zan kama ɗakin ciki mara taga mafi arha, ai barci kawai za a yi. Trondheim zuwa Bodo ta ɗan haura awa 24, nan babu zaɓi. Abinci kuma a tikitin tasha zuwa tasha sau da yawa ba ya ciki, ko ka ƙara shi lokacin yankan tikiti ko ka saya a cikin jirgi, ko kuma ka shiga babban kanti a gari kafin ka hau ka sayi burodi da 'ya'yan itace da abin da za ka ɗan taɓa, ka tuna dai yawancin kantuna a Norwe a rufe suke ranar Lahadi. Kuɗinsu krone ne amma kusan komai da kati ake biya, har kofin shayi, ka tabbatar katinka yana aiki a waje kuma ka riƙe na biyu.

Kar ka ɗauka yankawa gida-gida zai fi arha. Wani lokacin yana fin, musamman in ka yi gajerun zanguna ba ɗaki, amma da zarar ka haɗa otal da abincin gari a ƙasa mai tsada irin wannan, jimillar takan wuce ta tikiti ɗaya. Ka rubuta lissafin biyu gefe da gefe ka gani da idonka kafin ka yanke.

Mataki na shida, otal da kaya

Otal a can yawanci sai wajen uku na rana suke ba da ɗaki, a fita kuma sha ɗaya ko sha biyu. Ka haɗa wannan da jadawalin jirgi ka ga inda giɓi yake. A Trondheim za ka sauka kafin goma na safe, sai ka ajiye akwati a wurinsu ka shiga gari, kusan duk otal na karɓar ajiya. A Svolvaer kuma matsalar ta juya, bayan tara na dare za ka iso, ƙananan masaukai da ɗakunan masunta da ake haya ba kowanne ke da mai tsaron tebur da dare ba, ka tura musu saƙo tun da wuri cewa da jirgin dare za ka zo, su ba ka lambar buɗe ƙofa ko su faɗa maka inda makulli yake. Ranar barin Svolvaer kuwa za ka fita daga ɗaki da hantsi jirgi sai bayan goma na dare, yini guda kenan, ka tsara abin yi kar ka ƙare a zaune bakin tasha cikin sanyi. Ka zaɓi masaukin da za ka iya takawa da ƙafa daga tasha, a ƙananan garuruwa tasi ba ya tsaye yana jira, sai an kira.

Kaya kuwa kaɗan. Duk abin da ka ɗauko sau takwas za ka ɗaga shi. Akwati ɗaya mai taya da ƙaramar jakar baya, rigar da iska da ruwa ba sa ratsawa, hula da safar hannu ko a Yuli ne domin saman jirgi akwai sanyi, takalmi mai kama ƙasa in lokacin dusar ƙanƙara ne.

Mataki na bakwai, ranar hawa da ranar sauka

A Bergen akwai ginin tasha na gaske, a duba fasfo, a karɓi kaya, a ba ka katin da ke zama makullin ɗaki. A sauran wurare da yawa kuwa fili ne kawai a bakin ruwa da ɗan ɗakin jira, jirgi ya matso, a sauke matakala, ka hau ka je teburin karɓar baƙi ka nuna tikiti. Ka isa aƙalla rabin awa kafin lokaci, in jirgi ya zo a makare yakan rage zaman tasha don ya kamo lokaci. Shafukan kamfanonin suna nuna inda jirgi yake da sanarwar jinkiri, kuma ka sa lambar wayar da ke aiki a can lokacin yankan tikiti domin ta nan suke turo saƙo in an samu canji.

In saukarka da asuba ce ko cikin dare, ka sa ƙararrawar waya ka kuma gaya wa masu tebur, ka haɗa kaya tun kafin ka kwanta, ka tsaya bakin ƙofa kafin a ɗaure jirgi. Minti goma ba wasa ba ce, wanda ya tsaya neman caja a ƙarƙashin gado sai dai ya sauka a gari na gaba.

Mai saurin tashin zuciya ya san wuraren da ake fita fili cikin teku: Stad da sassafe bayan daren farko kafin Alesund, Hustadvika tsakanin Molde da Kristiansund, Folda bayan Trondheim, Vestfjord tsakanin Bodo da Lofoten, Lopphavet bayan Tromso, sai gaɓar Finnmark da ke fuskantar tekun Barents. Kowanne 'yan awanni ne, sauran hanyar a bayan tsibirai ake bi ruwa a kwance. Ka sha maganin tun kafin a shiga, in zuciya ta riga ta tashi ba ya yin wani aiki.

Mataki na takwas, ka tanadi hanyar fita in jirgi bai zo ba

Wannan ne bambancin mai tikiti ɗaya da kai. Shi in iska ta hana shiga wata tasha yana cikin jirgi yana shan shayinsa, kai kuwa kana tsaye a ƙasa kana kallon jirginka ya wuce ta nesa. Yana faruwa, musamman daga Nuwamba zuwa Maris kuma a ƙananan tashoshi. Kamfani zai mayar maka da kuɗin zangon ko ya sauya maka rana, amma otal ɗin da ka kama a gaba da tikitin ɗaya kamfanin ba ruwansu da wannan. Don haka ka kama otal irin wanda ake iya sokewa, ka karanta sharuɗɗan canza tikiti na kowane zango, ka yi inshorar tafiya mai ɗaukar jinkiri (mai neman bizar Shengen ma dole ne ya nuna inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, Norwe tana cikin Shengen duk da ba ta cikin Tarayyar Turai, kuma a takardun biza ka jera tikitocin da otal-otal ɗin bi da bi yadda babu daren da ba a san inda kake ba).

Ka san madadin kowane zango. Trondheim zuwa Bodo akwai jirgin ƙasa, kilomita 729, wajen awa goma. Daga Bodo zuwa sama babu layin dogo sai wanda ke shigowa Narvik ta Suwidin, saura bas ne da ƙananan jiragen sama na Wideroe masu sauka a garuruwan bakin teku. Sannan ka bar kwana ɗaya fanko tsakanin isa Kirkenes da jirgin saman da zai fitar da kai daga ƙasar, daga Kirkenes zuwa Oslo wajen awa biyu ne a sama amma kar ka haɗa su a rana ɗaya da babban tikitinka.

Wata dabara ta ƙarshe ga wanda ke hawa arewa amma yana jin haushin an wuce Vesteralen da mashigin Raftsund cikin dare. Ka hau na arewa a Svolvaer da dare ka sauka Harstad wajen bakwai na safe, na kudu yana shigowa wajen takwas ya tashi takwas da rabi, ka hau shi ka dawo Svolvaer da rana ta Risoyhamn da Sortland da Stokmarknes, inda gidan tarihin wannan hanya yake da tsohon jirgin Finnmarken na 1956 a cikin gini, sannan Raftsund da la'asar, in yanayi ya yi kyau a watannin ɗumi kyaftin ya kutsa cikin lungun Trollfjord wanda bakinsa bai fi mita 100 ba ya juya jirgin a ciki ya fito. Tazarar da ke tsakanin jiragen biyu a Harstad ƙarama ce, in na arewa ya makara ka rasa na kudu, don haka wanda ba ya son bugun zuciya ya je Harstad da bas tun jiya ya kwana can, da safe ya taka zuwa tasha ya hau, shida da rabi na yamma yana Svolvaer, ba ɗaki ba komai sai jakar baya.